Alif a Kallabin Mahaifiyata

Shekarun baya can, lokacin ina koyarwa a Jimeta kuma ina ji da kaina, na tsinci wani matacin ruwa mai ɗan famfo a wajen masu gwanjo. Mai kayan ya rantse min ko ruwan kwata ka zuƙa da shi zai fito garau. Na yarda. Daga nan na addabi abokina, wani malamin lissafi ɗan Ganye da muke aiki tare, sai mun je mun kwana biyu a duwatsun da ke kudu da Yola. A watan Afrilu fa, tsakiyar bazara. Ku dai ku ji rashin hankali.

Kafin mu tashi na biya Mbamba na yi wa mahaifiyata sallama. Ta juya matacin a hannunta kamar wadda aka ba kayan wasan yara. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon kallabinta, ta ƙulle guntun alif a gefensa, wannan farin dutsen da take kaɗawa a randa don laka ta kwanta.

Na ce, "Haba Dada, wannan ai zamaninku ne."

Ta ce, "Saka a jaka. Nauyinsa ba zai karya ka ba."

Na jefa shi can ƙasan jaka don kawai a rabu lafiya.

Babban laifina a gindin dutse na aikata shi. Abokina ya zo da jarka cike da ruwa, ni kuma na sa shi ya bar ta a ƙauyen da muka sauka. Na ce masa kowane rafi yanzu famfonmu ne, gora ɗaya ɗaya ta ishe mu. Ya ce, "To malam, kai ka san abinka."

Kafin azahar gorunan sun ƙare. Rafin farko yashi ne zalla, na biyu ma haka. Abokina mai surutu ne, amma sai na ji ya yi tsit. Da na waiga, rigarsa a bushe take, ya daina gumi, yana tafe yana tangaɗi. Nan na gane ƙishirwa ta fara yi masa illa.

Da ƙyar muka kai wani kududdufi inda shanu ke sha. Ruwan ja ne, kauri kamar kunu, ga kashin shanu ta ko'ina. Na zura tiyon matacin, na buga famfo sau biyar, sau shida, sai ya cije. Na danna da dukkan ƙarfina, ko ɗigo. Laka ta toshe shi.

Abokina ya ce, "Abin naka ya mutu?" Kafin in amsa ya rarrafa bakin ruwan zai kafa kai. Na fizgo shi ta wuyan riga. Idan gudawa ta kama shi a wannan hali, nan da ƙauye tafiyar awa uku ce, na san ba zai kai ba.

Ina zazzage jaka ina neman abin da ni kaina ban sani ba, sai kallabin ya faɗo. Nan da nan na kwance ƙullin. Na shimfiɗa kallabin a bakin tukunyar da muka taho da ita don girki na tace ruwan, sannan na kaɗa alif a ciki kamar yadda na sha ganin tana yi. Na ja abokina inuwar wani dutse, na jiƙa rigarsa na shimfiɗa masa a ƙirji.

Sauran aikin jira ne, kuma ban taɓa jira mai tsawo irin wannan ba. Yana miƙo hannu, ina janye tukunya.

"Don Allah ka ba ni. Kurɓi ɗaya."

"Ka yi haƙuri mutumina, saura kaɗan."

"Kai ka sa na bar jarkata."

Can ya fara kiran sunan matarsa, yana tambayata ko ta dawo daga coci. Na tsorata ƙwarai, har na fara tunanin da wane baki zan je gidansa a unguwar Alkalawa.

A hankali laka ta taru ta sauka ƙasa, saman ya washe. Na buɗe matacin na kankare shi, na ɗauraye da wannan ruwan, na sake gwadawa ina bismillah. Ya fara ɗiga. Na sa gishiri da sukari a kofin farko, na riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Sai wajen la'asar na ga gumi ya tsattsafo a goshinsa, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro.

Ba mu kwana a dutsen ba. Da rana ta yi sanyi muka cika goruna muka lallaɓa muka sauko.

Har yau ina hawa dutse, kuma ina tafiya da mataci, don shi ya ƙarasa aikin. Amma ban sake sa wani ya ajiye ruwansa saboda cika bakina ba. Abokina ya daɗe da yafe min, sai dai tsokana. Ni ne dai har gobe in na tuna hannun nan da yake miƙowa sai in kasa yafe wa kaina.

Na yi niyyar ɓoye wa mahaifiyata komai. Na wanke kallabin tas, na mayar da ƙullin yadda yake, na kai mata ina cewa tafiya ta yi daɗi. Ta kwance, ta ɗora alif ɗin a tafin hannunta, ta ga yadda ya zaizaye. Ta ɗago ta kalle ni.

Ta ce, "Wa ya kusa mutuwa, kai ko ɗan mutane?"