Almakashi a Hagun Goggo

Idan aka tambaye ni ma'anar gwaninta ba na wahalar da bakina, Goggo nake nunawa, yayar babanmu. Ita kuwa cewa take yi rabin gwaninta a yatsu yake, rabin kuma a sanin lokacin da za a ɓoye su.

Bahaguwa ce tun haihuwa. Tana da shekara sha tara ta samu aiki a shagon wata tela mai kekuna shida da faɗan tsiya. Ranar farko matar ta hango almakashi a hagun Goggo, ta saki salati.

"Ba a shagona ba! Ko dama, ko ki kama hanya."

Goggo ta ce to, don da aikin nan take ciyar da ƙannenta. Teburin yanka a bayan labule yake, sai ta ci gaba da yankanta da hagu. Da ta ji takun uwar ɗakinta, almakashi ya koma dama, ta hau datse zare tana ɓata rai irin na mai fama. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Abin da ke ba ni haushi har yau, matar alfahari ma take yi wa masu kawo ɗinki: "Kun ga wannan? Ni na gyara mata hannu."

Rannan aka kawo wani leshi mai tsadar gaske, na 'yar matar ta cikinta, yadi biyar cif, babu rara. Matar ta jawo kujera ta zauna a gaban teburin.

"Yanka ina gani."

Goggo ta dubi almakashin. In ta yanka da dama, leshi ya tashi aiki. In da hagu, ta rasa abincinta. Sai ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan teburin.

"Hajiya, ki zaɓa. Wannan naki ne, ke kika hore shi, amma bai taɓa yanka abin da ya wuce zare ba. Wannan kuwa shi ya yanka rigar da ke jikinki."

Matar ta dubi rigarta, ta dubi leshin, ta sake duban rigar, har Goggo ta fara tunanin inda ta ajiye jakarta. Can matar ta miƙe tana gyara gyale.

"Kamar ana sallama a waje."

Babu wanda ya yi sallama. Daga ranar har ta tsufa ta rufe shagon, ba ta ƙara ɗaga labulen nan ba sai ta yi gyaran murya sau biyu, ta kuma ɗan jira.