Sittin Ɗin Baturiya

A Zangon Sokode, zamanin da kumandan ɗin Faransa ke zaune kan tudu, ba a raba goron suna ko na aure sai an kira Baturiya. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta san halin lambobi kamar yadda ta san na maƙwabtanta.

Sittin ce 'yar lelenta. Ko nawa mai biki ya kawo, sai ta ware sittin na gidajen unguwa. Takan ce sittin ba ta da rowa: ka kasa ta biyu, uku, huɗu, biyar, shida, goma ko sha biyu, za ta rabu ba saura. Maƙwabtan sittin kuwa, hamsin da tara da sittin da ɗaya, marowata ne na ƙarshe, duk yadda ka kasa su sai wani ya yi ƙorafi.

Gidaje goma sha biyu ne a layinsu, kowane gida goro biyar. Haka ake yi har shekarar da ƙanenta Wahabu mahauci ya yi faɗa da sarkin pawa a kan rumfa. Baturiya ta faɗa wa ƙanen nata a gaban mutane cewa shi ne bai da gaskiya. Wahabu ya rufe gidansa, ya bi masu shanu zuwa Dapaong can arewa, ko sallama bai yi mata ba. Abin ya ci ta ƙwarai.

Gidaje suka koma sha ɗaya, sittin kuwa ba ta shiri da sha ɗaya. Kullum sai biyar su rage. Mata suka ce ta koma hamsin da biyar ta huta.

"Gidajenmu sha biyu ne," in ji ta. "Ɗaya ne dai ya yi nisa."

Takan naɗe biyar ɗin a ɗanyen ganye, ta yayyafa ruwa, ta ba duk wani falke mai tafiya arewa ya kai wa Wahabu. Shekara goma sha tara tana haka. Wahabu bai taɓa aiko da ko gaisuwa ba, ita kuma ba ta san ko yana karɓa ko yana zubarwa ba.

Wata Laraba da hantsi wata budurwa ta yi sallama, ta durƙusa, ta ajiye buhu.

"Goggo, ni ce Zenabu, 'yar Wahabu. Baba ya rasu da azumi."

Cikin buhun busasshen goro ne, ya yi tauri kamar tsakuwa.

Zenabu ta ce, "Duk ƙunshin da ya zo, huɗu yake ci, ya ajiye ɗaya. Da su yake sanin yawan haihuwa da auren da aka yi a gida ba ya nan. Ya ce mu dawo mu buɗe gidan."

Baturiya ba ta yi kuka ba a ranar. Ta ba Zenabu ruwa da tsintsiya, suka je suka share ɗakunan.

Bayan sati biyu aka yi suna a gidan Salifu maƙeri. Baturiya ta kasa sittin kashi goma sha biyu, biyar-biyar, faifai ya tashi wayam. Sai ta ga ta miƙa hannu ta ɗauko ɗanyen ganye, kamar yadda ta saba.

Babu abin naɗewa. A nan ne kukan ya zo mata.