Hotunan da Na Ɗauko a Wani Ƙauyen Jamus

Mun tashi daga Xiaobei, unguwar da muke zaune a China, da asuba, ni da abokin kasuwancina ɗan Maraɗi, muka nufi filin jirgin Guangzhou. Jamus muka dosa, wani ƙauye da ko a taswira sai ka ƙanƙance ido. A bajekolin Pazhou muka ga wani ƙaramin injin matsar mai a rumfar wata Bajamushiya, wanda zai yi wa masu man gyaɗa daidai, sai dai tsada. Ta gayyace mu mu ga inda mahaifinta ke ƙera shi. Mu kuma muka tafi da tamu niyyar: mu ɗauko hoton cikinsa, mu kai wa masana'antar da ke mana aiki ta kwaikwaya. A Guangzhou haka ake yi, ba mai jin kunya.

Daga Frankfurt muka shiga jirgin ƙasa, muka sauya sau biyu, sannan bas. Kuɗin shayi kofi ɗaya a tasha zai saya mini shinkafa da naman rago a Xiaobei. Abokina ya riƙa kurɓar nasa kamar magani.

Ƙauyen a kwari yake tsakanin tuddai biyu, rafi ya ratsa tsakiyarsa. Arewa daji ne, kudu gonakin wani tsiro mai fure rawaya da ake matsar mai daga 'ya'yansa. Titi ɗaya, coci ɗaya, gidan burodi ɗaya. Mutanen garin kaf ba za su cika hawa ɗaya na kasuwar tufafi ta Shahe da ke Guangzhou ba. Shirun har ya dame ni.

Tsohon, mahaifin Bajamushiyar, ya ce sai mun ga gari kafin inji, 'yarsa na yi mana tafinta. Ya kai mu bakin rafi ya nuna kangon injin niƙa mai aiki da ruwa, ya ce a kewayensa garin ya kafu, kakanninsa ne ke niƙa kafin su koma ƙira. Lokacin da aka raba Jamus biyu, shingen ta bayan tudun arewa ya bi, ya raba su da dangi da gonaki. A gaban coci akwai dutse mai sunayen waɗanda yaƙi ya ci, sunan gidansu ya fito sau uku. Yanzu matasa sun watse birni, an rufe makaranta, an haɗe ƙauyen da maƙwabtansa a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Maƙerarsa ce wurin aikin da ya rage.

Da muka shiga, da hannunsa ya kwance injin, ƙusa bayan ƙusa.

"Ku ɗauki hoto ku nuna wa mutanenku," in ji shi.

Abokina ya zungure ni. Na yi ta ɗauka har wayata ta yi zafi. Daga nan aka kawo mana dankali da cuku da ruwan tuffa, ashe tun kafin mu zo sun tambayi abin da Musulmi ba ya ci. Da azahar ta yi tsohon ya kai mu famfo muka yi alwala, ya ba mu ofishinsa muka yi salla. Gaskiya kunya ta kama ni, har muka hau jirgi ba ta sake ni ba. A cikin jirgin na goge hotunan, na bar na rafin kawai.

Kwana biyu da dawowarmu wakilin masana'antar ya same mu a ofis.

"Laoban, ina hoto?" Wato maigida, haka suke kiranmu.

"Ba shi mana, Alhaji," in ji abokina. "Don shi muka sha wannan doguwar hanya."

Tafiyar ta tuna mini abin da na sani tun a Kano na zo nan na manta, cewa bayan kowane kaya akwai gidan da ke ci da shi. Shekara da shekaru 'yan China na ce mini "meyo", wato babu, in juya in tafi. Ran nan ni na dubi wakilin na ce masa, "Meyo."