Gara a Bayan Kanta

A Korgom aka haifi Amatullahi. Abu na farko da mahaifinta ya koya mata shi ne ba a barin rumbu ya taɓa ƙasa. Kan duwatsu ake ɗora shi, kuma kullum a leƙa ƙarƙashinsa saboda gara. Ta yi lakwal, ta wuce jami'a, ta dawo da mastar kan aikin ɗakin karatu, wani ƙaramin reshen jami'a mai zaman kanta a Tasawa ya ɗauke ta.

Shekara tara tana mataimakiya a ɗakin karatun reshen. Kowace Alhamis sai ta janye kantoci daga bango, ta kaɗe littattafai, ta barbaɗa toka. In ɗalibai za su tafi gida noman damina, takan ba su aron littafi, su tafi da shi har ƙauyuka irin Gidan Amumune. Littattafan kan dawo a kumbure, suna warin hayaƙi, amma dai an karanta su.

Da shugaban ɗakin ya ajiye aiki, kowa ya ɗauka makulli nata ne. Ita ma har ta ɗinka sabuwar lufaya.

Direktan reshen, Abdulhakim, ya kira ta biro, wato ofishinsa. Shi lisansi, digirin farko, gare shi, kuma bai taɓa son ganin takardarta kusa da tasa ba.

"Madam, karatu kam kin yi shi, babu mai musu," ya ce, yana juya makullin a yatsa. "Amma ku mata tausayi ya yi muku yawa. Dubi littattafanki, kamar an daka su a turmi. Lamine za mu ba."

"Lamine da ke tambayata inda ƙamus yake?"

"To ai kina nan. Ki riƙa nuna mishi."

Ta ce to. Ba ta ji haushi ba, ba ta ji komai ba. Ta koma ta zauna.

Lamine, magatakardan da ba ya yi wa direkta gardama, ya tattara sababbin littattafai ɗari uku ya jera a kantar gilashi, ya manna ta da bango, ya kulle. Ya hana aro. Baƙi in sun zo, nan ake fara kai su, su yaba tsabta.

"Yaya Amatu, kin ga aikin maza?" in ji shi, yana kaɗa makulli.

"Na gani, shef."

A watan Agusta ta hango siririn layin jar ƙasa yana hawa bango bayan kantar. Ta san ko mene ne tun tana shekara biyar. Magana ɗaya ta isa. Ta gaya wa ranta cewa ba aikinta ba ne, ba ita ke da makulli ba. Amma kowace safiya wurin take fara dubawa, ta ga inda layin ya kai, kamar mai duba shukarta.

Bayan wata huɗu masu bincike suka iso daga Yamai. Ɗayansu ya ce a buɗe kantar gilashin. Lamine ya jawo littafi na farko, bangon littafin ya biyo hannunsa, cikin ya zube ƙasa kamar dussa. Na biyu ma haka. Har na ƙasa.

Da yamma direkta ya same ta a kujerarta. Bai zauna ba.

"Madam, ke ba ki lura ba?"

"Ba a ba ni makulli ba, Mushe Direkta."

Ya dube ta, ta dube shi. Kowannensu ya san abin da ɗayan ya yi. Ya ajiye makullin a kan tebur ya fita.

Ta ɗauka. Bai kai nauyin da ta zata ba. Wata ɗaliba, Ramla, ta leƙo tana neman littafin lissafin nan da ke cikin gilashi, wanda ta daɗe tana jira.

"Babu shi," Amatullahi ta ce. Ta tashi ta nemo tsintsiya.