Wanda Ya Bi Ni Sallah A Kan Ƙanƙara

Jama'a, wallahi tallahi wannan abin ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Doha, ina zaune a unguwar Muntaza. Da aka fara gasar Kofin Duniya gari ya cika maƙil, sai kamfani ya ba mu hutu. Ni kuma zuciyata a cunkushe take, don Babana ya rasu lokacin korona, jirage ba sa tashi, ko jana'izarsa ban samu ba. Sai abokin aikina Isifu, mutumin Kumasi, ya ce, "Yalla, mu je ƙasar Jojiya ka ga dusar ƙanƙara, ko ranka ya yi sanyi."

Muka je, muka kama wata hanyar ƙafa da ke hawa dutse zuwa wani tafki. Sanyi kuwa ba a magana, yatsuna kamar ba nawa ba. Isifu sarkin hoto ya tsaya a baya, ni na yi gaba, sai ga wani fili fari fat, shimfiɗe kamar filin Idi. Azahar ta yi, ina da alwala, na ce kai, ga wurin sallah! Ni Bakano ina na san tafki na daskarewa ya koma fili? Na taka har tsakiya na shimfiɗa darduma.

Ina cikin raka'a ta biyu na ji an dafa kafaɗata ta dama, yadda ake yi in mutum zai bi ka jam'i. Na ɗauka Isifu ne, na ɗaga murya da kabbara. Zan yi sujada sai na ji an ce, "Subhanallah." To me na manta? Na ci gaba. Aka sake faɗa da ƙarfi, har da ɗan gyaran murya a gaba. Mutum ɗaya na sani mai wannan gyaran muryar, shi ne yake tsayawa gefena ina yaro yana gyara mini sallah.

A na uku aka fizgi rigata baya. Na yanke sallah na waiga, babu kowa! Can nesa na hango Isifu a kan tudu yana ɗaga hannu yana ihu, "Fito! Ruwa ne a ƙarƙashinka!"

Ban san yadda na kai gaɓa ba. Ina isa muka ji ƙas-ƙas-ƙas, ƙanƙarar ta tsage, dardumar ta nutse muna kallo. Na ce wa Isifu, "Wa ka gani tare da ni?" Ya ce, "Kai kaɗai ne fa." Muka duba, sawun ƙafata ne kawai ya shiga ya fito.

Ban ce ga wanda ya zo ba, Allah ne masani. Amma don Allah in kun je baƙon wuri ku tambaya kafin ku taka, kuma ku riƙa yi wa iyayenku addu'a. Ni dai har yau in na tayar da sallah ni kaɗai, sai na bar wurin mutum ɗaya a damana.