Yabon da Ya Kusa Tsige Malam Ishaya

Har yau ranar da baƙi uku suka yi sallama a ofishinmu na Gwarzo ba ta fita daga raina ba. Laraba ce, farkon damina, gero ya fara tsiro. Lokacin ni ne shugaban malaman dabbobi, shekarata ta biyu ke nan a kujerar, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro aikin. Ku da kuka zo aikin nan yanzu kun tarar da ofis mai tayil da fanka. Mu ɗaki biyu gare mu, da firji mai aiki da kananzir, da babura uku waɗanda kullum ɗaya yana wurin bakanike.

Babban aikinmu shi ne allurar rigakafin ciwon huhu ga shanu. Akan ware makonni a shekara, mu loda magani a akwatin ƙanƙara mu bi ƙauyuka, Kutama, Madadi, Jama'a, har mu leƙa ɓangaren Kabo in abokan aikinmu na can sun nemi hannu. Maganin ba ya son zafi, in ƙanƙara ta narke ya zama ruwan banza. Kuma ba a faɗa wa garke haka kawai. Sai ka gaida mai gari, ka gaida dattijon masu shanun, a yi addu'a a shafa, sannan a fara kama dabba.

A cikin mutanena akwai Malam Ishaya. Bahaushe ne gaba da baya, amma Kirista, daga wani ƙauye da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Mahaifinsa Bamaguje ne da ya karɓi Kiristanci, shi ya fara kafa cocin ƙauyen da kara. Ishaya dogo ne, ba shi da yawan magana, amma Allah ya ba shi hannu. Bijimin da ƙarti huɗu suka kasa riƙewa, zai dafa masa tozo yana yi masa 'yan maganganu, kafin bijimin ya farga allura ta shiga ta fita. Matan rugage har nono suke ajiye masa, ni shugaba sai dai in sha albarkacinsa.

Ranar yana Madadi wurin wata saniya da haihuwa ta zo mata da gardama. Baƙin suka shigo: Faston cocinsu, da wani tsoho mai sanda da ake kira Baba Markus, da wani magidanci, Bitrus, wanda bai daɗe da dawowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Muka gaisa, muka tambayi iyali da gona da ruwan sama. Na sa aka kawo musu ruwa.

Fasto ya ce, "Malam Habu, mun zo ne a kan ɗan'uwanmu Ishaya. Dattijo ne a ikilisiyarmu, wato cikin waɗanda ke riƙe da al'amuran coci. Muna so mu ji daga bakinka yadda zamansa yake a wurin aiki."

Ni a zatona wani babban muƙami za su ƙara masa. Na gyara zama na saki baki.

"Ai Fasto, Ishaya namu ne. Wallahi salla ce kawai ba ya yi. In ba gaya maka aka yi ba, ba za ka taɓa cewa Kirista ne ba. Suna da shi, ɗaurin aure da shi, ta'aziyya da shi. Naman layyata gidansa ake fara kaiwa. Ni ban taɓa ganin ranar da addini ya gitta tsakaninmu ba."

Bitrus yana ta rubutu, bironsa har ƙara yake. Baba Markus kuwa ya sunkuyar da kai yana tsokanar siminti da sanda. Na raka su har bakin titi ina jin daɗi, da na koma gida ma sai da na ba uwargida labarin irin alherin da na yi wa Ishaya.

Washegari da safe ya shigo ofishina ya tura ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Bai zauna ba.

"Oga, me na yi maka?"

Na ce, "Ikon Allah. Me ya faru?"

"Ka gama da ni."

Sai da na matsa masa ya zauna, sannan ya warware mini. Ashe Bitrus ne ya kai shi ƙara gaban dattawa, cewa zama da Musulmi ya narkar da shi, ya zama libaral. Na ce masa ni dai a iya sanina wannan ba zagi ba ne. Ya girgiza kai.

"A wurinmu, Oga, libaral shi ne wanda ya riƙe Littafi sako-sako. Ya ɗauki ayar da ta yi masa daɗi, ya tsallake mai ɗaci. Ka tambaye shi ko Yesu ya tashi daga matattu, ya ce maka ai misali ne kawai. Ya ce duk hanyoyi gida ɗaya suke zuwa, don kada ran kowa ya ɓaci. Yana zuwa sujada a coci ran Lahadi, yana waƙa da ƙarfi, amma ciki ba kowa. Gara a ce mini ɓarawo. Ɓarawo ya san ya yi laifi, yana iya tuba."

Ya ce ranar Asabar dattawa za su zauna. In suka yarda da ƙarar, za a tsige shi daga muƙamin dattijo, a hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da suke ci tare a coci, a mai da shi bencin baya. A cocin da ubansa ya kafa, gaban matarsa da 'ya'yansa. Kuma babbar shaidar da ke hannun Bitrus yanzu ita ce maganata.

Na fara kare kaina, ina cewa ai yabo na yi. Ya dube ni ido cikin ido.

"Oga, a ce Fastonmu ya je wurin limamin unguwarku ya ce, ai Malam Habu namu ne, coci ne kawai ba ya zuwa, in ba gaya maka aka yi ba ba za ka ce Musulmi ne ba. Yabo ne?"

Ban san lokacin da a'uzu billahi ta kuɓuce mini ba.

Ya ce, "To ka ji."

Kunya ta rufe ni. Maganar nan ta "salla ce kawai ba ya yi" da ita na tashi, na ji ta a bakin iyaye da malamai, kuma mun ɗauke ta kyauta mafi girma da za mu yi wa wanda ba Musulmi ba. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda take sauka a kunnen wanda aka yi wa kyautar ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na koma ofis na ciro fayil ɗinsa. Doka ta hana fayil ɗin ma'aikaci fita daga ofis, kada in ji wani cikinku ya ce ni na koya masa. Na cusa shi cikin babbar riga, Asabar da hantsi na hau babur.

Na same su a ƙarƙashin darbejiya a bayan coci, dattawa kamar bakwai a kan benci, Ishaya a gefe shi kaɗai a kan kujera. Da suka gan ni duk suka juyo. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na nemi izinin magana, Fasto ya ba ni.

Na ce, "Iyayena, ranar Laraba kara na yi, ban gaya muku gaskiya duka ba. Mutumin nan ya ba ni wahala."

Na buɗe fayil na ciro takardar tuhuma, irin wadda ake ba ma'aikacin da ya saɓa umarni ya kare kansa a rubuce. Shekara shida kafin nan, tun ina mataimaki, aikin rigakafi ya makara, darakta ya zo da kansa ya ce kowa ya fito har Lahadi. Ishaya ya ce zai yi Asabar har faɗuwar rana, ya fito Litinin tun da asuba, amma Lahadi yana sujada. Na lallashe shi, na yi masa faɗa, ya kafe. Ni na rubuta takardar da hannuna. Na karanta musu amsarsa, layi biyu ce kacal: "Na amsa laifina a gaban ofis. Amma ranar ba tawa ba ce, balle in bayar." A shekarar aka tsallake shi a ƙarin girma.

Sannan na ba su labarin hanyar Kutama, ranar da tayarmu ta fashe muna tura babur cikin rana. Mutumin nan bai ga lokacin da zai yi mini wa'azi ba sai nan. Ni, jikan liman! Na mayar masa da nawa har da ƙari, muryoyinmu suka tashi har wani mai noma ya ɗago yana kallonmu. Kwana uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na ce musu ranar Laraba na ɓoye wannan ne don a ganina aibi ne da ya kamata in rufa masa.

Bitrus ya miƙe. Kada ku ɗauka mugun mutum ne, tsoro ne a ransa. Ya ce, "Malam, ba ƙiyayya ba ce. Na ga majami'u a birni da suka fara da ɗan sassauci, yau ba ka gane abin da suke wa'azi a kai. Ka gaya mana, in kuna addu'a a garke yana cewa amin? Naman layya fa?"

Na ce, "Addu'a kam gefe yake ja, ya cire hula, bakinsa yana motsi. Na taɓa tambayarsa, ya ce tasa yake yi, da sunan da ya sani. Nama kuwa yana ci, ba zan yi muku ƙarya sau biyu ba. Akuyarsa ta Kirsimeti ma ni nake yankawa, don maƙwabta su iya ci."

Bitrus ya juya ya ce, "Kun dai ji."

Nan muhawara ta kaure. Wani dattijo ya ce shi kam bai taɓa kai naman layya bakinsa ba, wani ya ce shi yana ci kuma bai ga inda aka hana ba. Kowa yana jawo aya. Ina zaune ina mamaki, ashe su ma suna da irin tamu, da masu tsauri da masu sauƙi, har da wanda ke ɗaga murya in hujja ta ƙare masa.

Baba Markus ya buga sanda a ƙasa, aka yi shiru.

"Uban Ishaya a gabana ya kafa karan farko a wurin nan. Duk Kirsimeti mahaucin gari yake kira ya yanka masa, don kada maƙwabci ya mai da ƙwarya. Amma ranar da danginsa suka ce ya bar Yesu ko ya bar gonar gado, gonar ya bari. Bitrus, ɗana, kalmar nan da ka zo mana da ita daga makaranta ban ƙi ta ba, akwai masu ita. Sai dai ka auna mutum da abin da ya ƙi saki, ba da ƙwaryar da ya sa hannu a ciki ba."

Fasto ya sa Ishaya ya miƙe, ya yi masa tambayoyi a kan bangaskiyarsu, ɗaya bayan ɗaya. Ishaya ya amsa da murya a sake, bai ko saci kallona ba. Abubuwa ne da ni ban yarda da su ba, ba kuma zan yarda ba har in koma ga Allah. Ina zaune ina istigfari a zuci, kuma wallahi ina jin daɗi a lokaci guda.

Suka ce in ɗan ba su wuri. Azahar ta yi, matar Ishaya ta aiko mini da ruwa a buta da tabarma, na yi sallata a bakin gona. Ina sallamewa aka kira ni. Dattawa sun bar shi a kan muƙaminsa. Bitrus bai gamsu duka ba, fuskarsa ta nuna, amma ya zo ya ba ni hannu, ya ba Ishaya.

Ishaya ya rako ni har bakin hanya yana tura mini babur. Muna cikin tafiya ya ce, "Oga, shekara shida ina jin haushin takardar nan."

Na ce, "To sai ka ce ka gode."

"Na gode. Amma ka sani har yanzu ina yi maka addu'a ka gane hanya."

"Ni ma ban fasa yi maka ba."

Muka yi dariya har sai da ya jingine babur ɗin.

Aikin nan namu na shiga garken mutane ne da gidajensu, za ku zauna da wanda ba irinku ba, ko kun so ko kun ƙi. Abin da na koya shi ne, in za ka yabi mutum, yabe shi da abin da shi yake tinƙaho da shi, kada ka tuɓe masa rigarsa ka sa masa taka ka ce ka yi masa ado. Ni da Ishaya ba don mun zama ɗaya muka zauna lafiya ba. Kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya, shi ya sa in ya ce mini magani bai lalace ba, ba na buɗe akwatin in duba.

Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Ranar da aka binne shi iyalinsa suka ce in yi magana, Bitrus ne ma Faston a lokacin, shi ya miƙo mini lasifika. Na tsaya gaban jama'a, abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ishaya Kirista ne. Duk wanda ya zauna da shi kwana ɗaya ya sani." Na ga matarsa ta ɗaga kai ta dube ni.

Bara, ana jibi Kirsimeti, na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Babban ɗan Ishaya ne, da akuya ɗaure a baya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, an ce kai ne kake yanka mana." Na shiga ciki na ɗauko wuƙa, na daɗe ina wasa ta fiye da yadda take bukata, don kada ya ga idona.