Ɗigo Uku a Takardar Sarkin Gayya

Allah Ya yafe mini, har yau ban iya ambaton sarkin gayya na garinmu da alheri ba.

Shekara talatin mahaifina yana gyaran hanyar da ta ratsa fadamar Kalgo. Kowace damina ruwa ya cinye ta, shi ke fara shiga da kwando a ka, laka har gwiwa, kafin sauran maza su fito gayya. Wanda ake kira sarkin gayya kuwa a kan tudu yake tsayawa, babbar rigarsa fes, yana daka tsawa. Ba ya saukowa sai an kawo tuwo.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, aka ce hakimi zai karrama wanda ya yi wa hanyar hidima. Sarkin gayya aka zaɓa. Ni a lokacin na dawo daga karatu a Gwandu, na yi aure, ni ke rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Sai ga sarkin gayya a zaurena.

"Malam, rubuta mini tarihin aikina, a karanta gaban jama'a. Ka ce na yi gayya shekara talatin."

"Baba fa?" na ce.

"Tsohonka? Ai kwando ya ɗauka. Jakuna ma sun ɗauka."

Na fiƙe alƙalami. A ajami, harafi ɗaya ne tsakanin "yi" da "ci": na farko ɗigo biyu a ƙasa, na biyu ɗigo uku a sama. Da na zo wurin, na ɗiga uku, na tabbatar tawada ta zauna.

Ranar taron, wani dattijon malami daga Gwandu aka ba takardar, mutumin da ba ya karanta abin da ba a rubuta ba. Ya ɗaga murya: "Wannan bawan Allah ya ci gayya shekara talatin." Ya kai takardar kusa da ido, ya maimaita.

Dariya ta ɓarke daga baya. Wani ya ce, "Wallahi ya ci, har da miya!" Wani kuma ya yi ihu, "Ga mai yi can!" Duk aka waiwaya wajen mahaifina, yana zaune kan buzunsa. Bai ɗago kai ba.

An dai yafa wa sarkin gayya rigar karramawar, yana ta gumi.

Da muka koma gida Baba ya kira ni.

"Kai, alƙalamin da kake rubuta sunan Allah da shi ka tozarta Musulmi? Wa ya ce maka don a kira sunana nake shiga laka?"

Kwana arba'in bai amsa gaisuwata ba. Na yi istigfari a kan ɗigon nan uku, ina kuma yi. Amma sarkin gayya bai sake hawa tudun ba, kuma ban taɓa jin zafin hakan ba.